Yara Huɗun da Ƙyanda Ta Tsallake

Ina tsaye a gaban motar mai burodi ranar Litinin da safe, ina jiran ya yanka mini rabi, sai Dingena ta matso kusa da ni har jakarta tana gogar gwiwata.

"Malama, kin ji abin da Neeltje take faɗa in zazzaɓi ya rufe ta?"

"Ban ji ba, Dingena. Shinge ɗaya ne tsakanina da ita, ke kuma kina can ƙarshen layi, amma na san ke za ki riga ni ji."

"Ba ni na faɗa ba fa. Ƙanwar mijina ce ta zauna da ita ranar Juma'a. Wai sai kiran sunan Sista Riek take yi, tana cewa, 'Ta ƙofar baya, kada Huibert ya sani.' Ke ma kin san abin da ake zuwa yi wurin Sista Riek ta ƙofar baya."

Na sani. Sista Riek ita ce nas ɗin da ta riƙe ɗakin awon jarirai a garin da ke tsallaken kogi kusan shekara talatin, kuma a wurinta ake yin allurar rigakafi. Mu a cocinmu ba a yi. An koya mana tun muna yara cewa lafiya da ciwo duk daga hannun Ubangiji suke, wanda ya yi wa ɗansa allura tun ciwo bai zo ba kuwa ya nemi shan gaban Allah. A duk ƙauyen babu wanda ya riƙe wannan koyarwa kamar marigayi Huibert, mijin Neeltje. Duk lokacin da hukumar lafiya ta aiko da katin gayyatar yaro zuwa allura, a gaban mai kawo wasiƙu yake buɗe murhu ya jefa shi. Sau ɗaya ma ya tare motar nas-nas a ƙofar makarantarmu, ya cire hularsa cikin ladabi, ya ce su juya.

"To yanzu me kike so in yi?" na tambaye ta.

"Ni? Ba komai. Tausayi take ba ni. Shekara da shekaru muna cewa albarka ce."

Mai burodi ya miƙo mini rabina, na wuce, amma maganar ta biyo ni gida. Dingena takan faɗi abu goma, tara ba su da tushe. Wannan kuwa ya taɓa wani abu da ya daɗe yana cina.

Ƙyanda tana zagayo mu duk bayan shekara goma sha wani abu, in an sami sabbin yara da yawa da ba su taɓa yin ta ba. A zuwanta na shekarar tamanin da takwas ina koyar da aji huɗu. Akwai makon da yara biyar kaɗai suka zo cikin talatin da ɗaya. Na haɗa su da ragowar sauran azuzuwa a ɗaki ɗaya, kuma kullum yaran Huibert huɗu suna nan a zaune da wankakken wuya, babu ko tari. Da ta sake dawowa bayan shekara goma sha ɗaya, nan ma ta tsallake su. Fasto na wancan lokacin har ya ambaci gidan a wa'azi, bai kama suna ba, amma kowa ya juya ya kalli bencinsu. Ni kuwa shekara arba'in na yi ina koyar da lissafi. Ƙyanda in ta shiga ɗaki takan kama tara cikin goma. Yara huɗu a gida ɗaya, sau biyu, ba ko ɗaya? Ban ce Allah ba zai iya ba. Na dai lura ba ya yawan yin haka ga gida ɗaya tak a layi, ya bar na masu ibada irin tasu a hagu da dama. Ban tambaya ba a lokacin. A nan ba a tambayar maƙwabci abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa.

Yanzu kuma ta dawo karo na uku. Ƙauyuka biyu na gabas da mu an riga an kwantar da yara a asibiti.

Ina shanya a bayan gida sai ga Aaltje ta ratso ta kafar shinge. Ita ce matar Teunis, ɗan Neeltje na uku, wanda ya gaji gonar tuffa. Ita ke jinyar surukarta tun da aka sauko da gadonta falo. Ta ɗauki bakin zanin gado ta taya ni miƙe shi, muka maƙala shi.

"Malama, kin ji abin da ake faɗa?"

"Na ji. Da burodi aka haɗa mini."

"Gaskiya ne?"

"Ke da kike kwana kike tashi da ita kike tambayata?"

"In na shiga sai ta ce in gyara mata filo. Ke kuwa ƙawarta ce." Ta tsaya, ta goge hannunta a jikin siket. "Saboda Maaike nake tambaya."

Maaike ƙaramar 'yarsu ce, shekararta huɗu. An haife ta da ciwon zuciya, sau biyu ana yi mata aiki, in ta hau bene leɓɓanta sai su yi shuɗi. Likitan birni ya faɗa wa Aaltje ba kwana-kwana cewa yarinyar ba lallai ta tashi ba in ƙyanda ta kama ta.

"Teunis ya ce me?"

"Abin da yake cewa kullum. Wai su huɗu allura ba ta taɓa jikinsu ba, cutar ta zo sau biyu ta wuce su. Wai wanda ya tsare su shi zai tsare Maaike, shi kuma ba zai karya abin da ubansa ya gina ba."

"Nas-nas ɗin yanzu ai suna zuwa har gida, a motar da ba ta da rubutu a jiki. Kina iya kiransu ranar da ya tafi kasuwar 'ya'yan itace."

"Sun faɗa mini. Har lamba sun ba ni." Ta girgiza kai. "Ba zan yi ba, Malama. Ba zan zauna da shi a teburi ɗaya sau uku a rana, yana addu'a ina cewa amin, da wannan abu a cikina ba. Da saninsa za a yi. Shi kuwa ba zai yarda ba muddin yana ganin Allah ya riga ya ba da amsa a kan gidansu."

Ranar nan daga biyu zuwa huɗu ni ce da zama, don matan layin mun raba sa'o'in tsakaninmu yadda aka saba in mutum ya kusa. Na iske Neeltje a farke. Ciwon daji ya cinye ta har zoben aurenta ya koma babban yatsa. An ja gadon kusa da taga don ta riƙa ganin hanya, ga gwangwanin minti a kan kujera, irin wanda muke tsotsa lokacin wa'azi.

"Lijn, kin zo ki ga ko na mutu?"

"Na zo in ga ko za ki mayar mini da tukunyata kafin nan."

"Tana ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ƙasanta ya kama tun kafin ki ba ni."

Na zauna. Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka, ban taɓa iya kewaye-kewaye da ita ba.

"Neel, kina magana in zazzaɓi ya hau. An ji. Ya kai bakin Dingena."

Ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta ce, "Wanne aka ji?"

"Sista Riek. Ƙofar baya."

"Kash." Ta daɗe tana numfashi. "Ba ni ruwa."

Na jiƙa mata leɓe da cokali. Sannan ta faɗa mini, a hankali, tana hutawa a tsakani. Duk ranar Alhamis takan kai ƙwai kasuwar tsallaken kogi a keke. Kowane yaro in ya cika wata goma sha huɗu, sai ta ɗora shi a kujerar gaba kamar kullum, ta haye a jirgin fito, ta sayar da ƙwanta, ta bi lungun bayan shagon mai takalma ta ƙwanƙwasa wa Sista Riek. Minti biyar an gama. Ta roƙe ta kada a aiko da kowace takarda gida. Yaro a wannan lokacin bai iya magana ba. In jikinsa ya ɗan yi zafi bayan mako, sai ta ce haƙori ne.

"Duk huɗun?"

"Duk huɗun."

"Me ya sa, Neel? Ke da ko maɓalli ba kya ɗinkawa ranar Lahadi."

"Ƙanena Aart. Ba ki san shi ba, a can garinmu ne. Ina da shekara goma ƙyanda ta kama shi. Ta shiga masa ƙirji. Ni nake riƙe kwanon ruwan zafi a ƙarƙashin hancinsa har ya daina jan numfashi." Ta juya kai wajen taga. "Da na ji an samo allura, na yi addu'a wata uku Allah ya cire mini tunanin. Bai cire ba."

"Shi ya sa ba kya tashi zuwa Jibin Ubangiji?"

Sau huɗu a shekara ake shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon teburi a gaban coci, masu jin sun cancanta su tashi su je. Neeltje ba ta taɓa tashi ba a iya sanina. Mutane suna cewa tsananin tawali'u ne.

"Da wane baki zan ci? Na yi wa mijina ƙarya sau huɗu, na kuma zauna a benci ana yabonmu a wa'azi. Shi yana gefena, kansa a sunkuye, kunya ta kama shi don an yabe shi. Mutumin kirki, Lijn. Ya mutu yana ganin matarsa mai biyayya ce."

"Ki gaya wa Teunis. Maaike ce a tsakani."

"Na gwada. Jiya ya zauna nan inda kike. Na buɗe baki, sai ya ɗago kai, fuskar ubansa sak. Na ce ya karanta mini zabura." Hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta. "Bayan na tafi ki faɗa masa. Amma ba zai yarda ba. Zai ce maganin kashe zafi ne yake magana."

Gaskiyarta. Na san Teunis tun yana cin bakin fensir. Abin da ba a rubuce yake ba, ba ya shiga kansa. Don haka washegari da safe na sa hulata, na hau jirgin fito na ƙarfe tara, na tafi gidan kula da tsofaffi inda Sista Riek take.

Na same ta a keken guragu kusa da taga, shekararta tamanin da shida, tana cike akwatunan wasan kalmomi na jarida da biro, ba da fensir ba.

"Daga can tsallake kike," ta ce tun kafin in gaishe ta. "Hular ta nuna. Zauna. Ba a saba ganinku ta ƙofar gaba ba."

Na faɗa mata ko ni wace ce, da abin da ya kawo ni. Da na ambaci gidan Huibert sai ta ajiye biron, ta dube ni ta saman tabarau, wani abu kamar dariya yana motsi a gefen bakinta.

"Mai tuffa? Wanda ya kore mu a ƙofar makaranta?"

"Shi. Matarsa ta faɗa mini da bakinta jiya. Shaida kawai nake nema."

"In ta faɗa miki, ai kin ji."

"Ɗanta ba zai yarda da ni ba."

"Malama, ke kin taɓa nuna wa maƙwabta sakamakon jarrabawar ɗan wani?"

"Ban taɓa ba."

"To ni ma haka. Mata da yawa daga ƙauyenku sun ƙwanƙwasa ƙofar nan don sun san ba na magana. Akwai waɗanda mazajensu suna raye har yanzu. Ina da ɗan littafina, yana nan a cikin durowa, amma abin da ke ciki na mai jikin ne. In Teunis yana son ya san abin da aka yi wa damtsensa, ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni. Shi zan faɗa wa, shi kaɗai."

"Tun yaushe rabonki da kowa daga gidan?"

"Kina da wayo," ta ce, ta sake ɗaukar bironta. "Ki sha gahawa kafin ki tafi. Ba ta da daɗi, amma da zafinta."

Da na sauko daga jirgin wajen sha biyu, tun daga kan ganuwar da ke tare ruwan kogi na hango an ja labulen gidan Neeltje duka, na sama da na ƙasa. Ta cika da ƙarfe sha ɗaya saura, Aaltje tana taje mata kai. Ni da Aaltje muka wanke ta, don wannan aikin maƙwabciya mafi kusa ne. Ba ta da nauyin komai. Muka sa mata farar rigar barcin da ta ajiye a ƙasan akwati tun aurenta, mun same ta a naɗe da takarda mai ɗauke da rubutun hannunta, "Wannan ce."

A nan ne na yi kuskurena. A wurinmu muddin gawa tana gida ba a tayar da magana mai zafi. Ana shiga, a yi ta'aziyya, a sha gahawa, a yi magana ƙasa-ƙasa. Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa irin waɗannan al'adu kallon gefen ido, sai ga ni na bi wannan kamar kowa. Na ce wa kaina kwana huɗu ne kawai. Kowace safiya Aaltje tana dubana, ni kuma ina cewa, "Bayan jana'iza."

Ranar Asabar maza shida na layinmu suka ɗauki akwatin a kafaɗa har maƙabarta, muna biye cikin baƙaƙen kaya. Daga nan aka koma zauren coci cin burodi da cuku. Aaltje ta riƙe Maaike a cinyarta tun farko, ba ta sake ta ba. Sai da fasto ya zo yi mata magana ta miƙe tsaye, yarinyar ta zame. Da muka waiga, tana ƙarƙashin teburi ita da jikan Dingena, suna shan lemo a kofi ɗaya. Yaron idanunsa jajaye, hancinsa yana zuba.

"Mura ce," in ji Dingena. "Tun Laraba yake yi."

Kafin faɗuwar rana ƙuraje sun feso masa daga bayan kunne zuwa wuya. Aaltje ta kira lambar da aka ba ta. Nas ta ce mata in an yi allurar cikin kwana uku da haɗuwar, akwai damar ta tare cutar. Bayan nan kuma sai jira.

Rana ta farko cikin ukun ta faɗa Lahadi. Ranar Lahadi ba a tuƙa mota sai zuwa coci, ba a hawa jirgi, ba a kiran waya. Tsakanin sujadar safe da ta yamma Teunis yakan taka a kan ganuwar kogi, hannuwa a baya, kamar ubansa. Na bi shi da sandata.

"Teunis, rage sauri. Ba na koya maka jiran manya ba?"

"Yi haƙuri, Malama."

"Uwarka ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce in bari sai ta tafi."

Na faɗa masa duka, da ƙwan, da lungun, da Aart. Ya saurara yana kallon ruwa. Kunnuwansa suka yi ja, yadda suke yi tun yana yaro in na kira shi gaban allo.

"Mama ba ta cikin hayyacinta. Maganin da suke ba ta yana sa ta ganin kyanwoyi a kan labule."

"Ta ce haka za ka ce. Ta tuna inda tukunyata take, ta kuma tuna cewa ƙasanta ya kama."

"Malama, ina girmama ki. Amma kowa ya san ke tun da can ra'ayinki daban ne. Jiya muka binne ta, yau kina so ki ɓata sunan gidanmu. Baba yana kwance ba zai iya kare kansa ba."

"Ban taɓa sunan babanka ba. Maganar uwarka nake yi. Ka ce Allah ya tsallake da ku ba allura, a kan wannan ka ɗora ran 'yarka. To ni na ce an yi muku. Ɗayanmu ya yi kuskure, kuma akwai inda aka rubuta. Tsoron dubawa kake yi?"

"Ba tsoro ba ne."

"To mu je. In ni ce na yi kuskure, zan tsaya gaban dattawan coci in nemi gafararka da ta babanka, in ce tsufa ne ya taɓa ni. Dingena za ta ji daɗi har ƙarshen shekara."

Ya dubi kogi. Can ƙasa jirgin fito yana ƙetarawa da masu yawon keke daga birni, gajerun wanduna, suna dariya.

"Ba yau ba," ya ce.

"Na san ba yau ba. Kwana ɗaya ya tafi ke nan."

"Gobe da ƙarfe takwas."

Ya zo a motarsa da takwas saura biyar, sanye da kwat ɗin jana'iza. A hanya mai fito ya yi masa ta'aziyya, ya amsa. A gidan tsofaffin Sista Riek ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne na ukun. Kai ne mai cizo." Ta juyo gare ni. "Malama, waje."

Na zauna a kujerar baranda kusa da wani akwatin gilashi mai kifaye. Ƙofar ba ta da kauri, amma kunnena ba na da ba ne. Na ji an ja durowa. Na ji muryarta tana ta magana, tasa ba ta fito ba sai sau ɗaya, da ƙarfi, "Wa?" Wata mai goge ƙasa ta wuce ni sau biyu. Na ƙirga kifayen, bakwai ne, na sake ƙirgawa suka zama takwas.

Da ya fito hularsa tana hannu, ya murɗe ta har ta lalace. Fuskarsa ba ta mutumin da aka kayar a gardama ba ce, na ga irin wannan da yawa, na san ta. Wannan ta fi kama da ta wanda ya shiga ɗakinsa ya tarar an sauya wa kowane kaya wuri.

"To?" na ce.

"Mu tafi, Malama."

A kan jirgin ya fita daga mota ya tsaya a bakin ƙarfe, bayansa gare ni. Na bar shi. Da muka iso bai sauke ni a ƙofata ba, ya wuce kai tsaye gidansa. Aaltje tana tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Ki shirya yaran," ya ce. "Duk ukun."

"Ina za mu?"

"Kin san inda za mu."

Ba su bi hanyar bayan gona ba. Ta tsakiyar ƙauye suka bi, a hankali, suka wuce motar mai burodi da matan da ke tsaye a gabanta. Ni na taka zuwa gida da ƙafa, don sun manta da ni a tsakar gidansu.

Mako uku Aaltje tana naɗe gashin Maaike kowace safiya tana duba bayan kunnenta. Yara ashirin da wani abu suka kwanta a ƙauyen, jikan Dingena ya yi kwana tara a asibiti ya dawo. A bayan kunnen Maaike ba abin da ya fito. Dattawan coci biyu sun ziyarci Teunis, sun daɗe, ban san abin da aka ce ba. Ni kuma bai ce mini komai ba, ban kuma tambaya ba, ko da yake abin yana cina. Na san abin da Neeltje ta yi. Abin da ban sani ba shi ne wa Teunis yake nufi da ya ce "Wa?"

A farkon watan Agusta suka fara kwashe kayan gidan Neeltje. Ina tsinke busassun furanni a jikin shinge da hantsi sai Teunis ya fito da kujeru biyu, ya ajiye su a kan ciyawa, ya zauna a ɗaya. Ya ɗauki lokaci yana kallon takalmansa.

"Sau biyu aka yi mana, Malama," ya ce. "Mu huɗun duka."

Na ajiye almakashina.

"Mama takan kai mu ranar Alhamis da ƙwai. Bayan 'yan makonni, in yaro ya fara tafiya, Baba yakan ce shi zai saya masa takalminsa na farko. Sai ya haye da shi ranar Asabar, ya sayi takalmin, ya zaga bayan shagon ya ƙwanƙwasa. Yakan roƙi Sista kada matarsa ta sani, wai mace ce mai tsoron Allah, abin zai karya mata zuciya. Sista ta ce in ta gaya masa an riga an yi, ta tona asirin Mama. Ta tambayi likita, ya ce biyu ba ta cutarwa. Sai ta yi."

"Neeltje ta sani?"

"Ba ta sani ba. Shi ma bai san nata ba. Shekara ashirin da biyar suka ƙara yi tare bayan na ƙarshenmu, babu wanda ya gaya wa wani."